Har Yaushe Kamfani Zai Ci Gaba da Kula da Wayar Gidanku?

Filin Kimiyya da Fasaha

Darasinmu na wannan karon a kan wayar hannu ne, irin babbar nan ta shafawa da ake kira komai-da-ruwanka. Na san dokar makaranta ta hana zuwa da waya, kuma da yawanmu ba mu ma da tamu ta kanmu. Amma a gida mu ake miƙa wa waya. Baba zai ce, "Zo ka duba min, me wannan abin yake cewa?" Umma za ta ce, "Kai, WhatsApp ɗina ya ƙi buɗewa." Tun da haka ne, ya kamata mu san amsar da za mu ba su.

Abin da darasin yake son koya mana shi ne wannan: waya tana iya zama lafiya lau a ido, gilashinta bai fashe ba, batirinta yana riƙe caji, alhali kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya daina kula da manhajar da ke cikinta. Daga ranar da ya daina, kuɗin mai wayar da sirrinsa sun fara shiga haɗari, kuma a hankali manhajoji za su riƙa ƙin aiki a kanta. Don haka kafin a biya kuɗin waya, a tambaya: har wace shekara kamfanin zai ci gaba da turo mata gyara?

Kashi na 1: Jiki da manhaja

Kowace waya abu biyu ce a haɗe. Akwai jiki, wato abin da hannu yake iya taɓawa, kamar gilashi da batir da kyamara da lasifika da 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki. Sannan akwai manhaja, wato umarnin da masana suka rubuta wanda yake gaya wa jikin abin da zai yi. Ba a ganinta, amma in babu ita waya guntun roba da ƙarfe ce kawai.

Manhaja kuma hawa biyu ce. Akwai babbar manhaja, wadda take tashi da zarar an kunna waya, take raba aiki tsakanin sassan jiki, take kuma tsaron abin da aka ajiye. Sai ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook da TikTok da manhajar banki, waɗanda suke zaune a kanta kamar 'yan haya a gida. In katangar gidan ta rushe, ɗan haya ba shi da kwanciyar hankali komai girman kwaɗon da ya sa wa ɗakinsa.

Manyan manhajojin da suka mamaye duniya guda biyu ne. Ɗaya ita ce Android ta kamfanin Google, wadda ta fara fitowa a wata wayar kamfanin HTC a 2008. Ɗayar ita ce iOS ta kamfanin Apple, wadda take cikin iPhone, kuma iPhone ta farko ta fito a 2007. Wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, wato Tecno da Infinix da itel, duk na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma duk da Android suke aiki. Sunayen da muke gani irin su HiOS a Tecno, XOS a Infinix, ko One UI a Samsung, riga ce kowane kamfani ya ɗinka ya sa wa Android. In an cire rigar, Android ce a ciki.

Kashi na 2: Sabuntawa iri uku ce

Idan waya ta nuna saƙo cewa akwai abin da za a sauke don a sabunta ta, ɗaya daga cikin ukun nan ne.

Na farko, sabon zubin babbar manhaja. Wannan yakan fito sau ɗaya a shekara. A da Google yana sa wa kowane zubi sunan kayan zaƙi: KitKat a 2013, Lollipop a 2014, Oreo a 2017, Pie a 2018. Daga 2019 aka koma lamba zalla, aka fara da Android 10. Android 14 ta fito a 2023, Android 15 a 2024, Android 16 a 2025. Sabon zubi yana zuwa da sabon fasali da sababbin hanyoyin tsare sirri.

Na biyu, facin tsaro. Duk wanda ya taɓa kai tayar keke wurin mai faci ya san abin da ake nufi: an gano huda, an liƙe ta. Facin tsaro ba ya sauya kamannin waya, shi ya sa mutane suke raina shi. Amma a cikin ukun shi ya fi muhimmanci.

Na uku, sabunta ƙananan manhajoji ta Play Store ko App Store. Wannan aikin masu manhajar ne, ba na kamfanin wayar ba.

Idan aka ce kamfani ya daina kula da waya, na farko da na biyu ne suka tsaya. Na ukun yakan ci gaba na wasu shekaru, sannan shi ma ya fara yankewa ɗaya bayan ɗaya.

Kashi na 3: Me ya sa waya take buƙatar faci?

Mu da muke zaune a cikin birni mun san halin ginin ƙasa. Gidan ƙasa sai da yaɓe kafin damina, a toshe tsaga, a gyara indararo. In aka yi shekara biyu ko uku ba a kula ba, ruwa zai ci shi. Ko badalar Kano da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, duk wanda ya bi ta titin da ke tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Gadon Ƙaya zai ga yadda wuraren da aka daina gyarawa suka zaizaye. Ba ginin ne ba shi da kyau ba, kulawa ce ta tsaya.

Haka manhaja take. Layin umarni miliyoyi ne mutane suka rubuta, kuma ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren sai bayan shekaru ake gano shi. In masu kutse suka gano shi, ya zama ƙofar shiga, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ga misalai biyu da suka faru. A watan Yulin 2015 wani mai bincike mai suna Joshua Drake ya bayyana wata ɓaraka a Android da aka sa wa suna Stagefright. Ta hanyarta ana iya kutsawa cikin waya da saƙon bidiyo, a wasu wayoyin ma ko da mai ita bai buɗe saƙon ba. An ƙiyasta cewa wayoyi kusan miliyan 950 ne suke da wannan rauni. Bayan haka ne Google ya fara fitar da facin tsaro duk wata, tun daga Agustan 2015. Na biyu, a watan Mayun 2019 WhatsApp ya roƙi kowa ya sabunta manhajarsa, saboda an gano ana cusa manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila ta hanyar kira kawai, ko da ba a ɗauka ba. WhatsApp ya ce an kai wa mutane kusan 1,400 hari, cikinsu har da 'yan jarida.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Ranar da aka fitar da faci, ana bayyana irin hudar da aka toshe. Masu kutse su ma suna karantawa. Ke nan wayar da ba ta sami facin ba ta zama gidan da aka riga aka sanar da ɓarayi inda katangarsa ta tsage. Duk watan da ya wuce, tsagogin da aka sani suna ƙaruwa.

Wani zai ce, to me zan yi asara? A tuna farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya. Tun daga lokacin 'yan kasuwa da yawa a Kurmi da Rimi da Kantin Kwari da Singa suka saba da karɓar kuɗi ta waya, ta manhajar banki ko OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Yanzu jarin mutum yana iya zama a cikin wayarsa, kuma lambar sirrin da banki yake turowa cikin wayar take faɗowa. Ga hotunan iyali, ga saƙonnin murya na 'yan uwa.

Amma a fahimta da kyau: faci ba ya maganin yaudara. Idan ɗan damfara ya kira ya ce shi ma'aikacin banki ne, mutum ya karanta masa lambar sirri da bakinsa, ko sabuwar waya ce a kwali ba za ta hana a kwashe kuɗin ba. Faci yana toshe hudar manhaja, hankali kuma na mai waya ne.

Kashi na 4: Me ya sa kamfani yake dainawa?

Gyaran Android yana bin hannu da yawa kafin ya iso Kano. Google ne yake fara rubuta shi. Sai ya je wurin masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek na Taiwan, Qualcomm na Amurka, da Unisoc na ƙasar Sin, su daidaita shi da tasu ƙwaƙwalwar. Sannan kamfanin wayar ya karɓa, ya haɗa shi da rigarsa, ya gwada a kan kowane samfuri, kafin ya turo. In ɗaya daga cikinsu ya janye hannu, gyaran ya tsaya a hanya.

Kowane mataki kuɗi yake ci, domin injiniyoyi ake biya. Kamfanin da yake fitar da samfura masu yawa a shekara, kuma ribarsa a kan kowace waya kaɗan ce, ba zai so ya yi ta kashe kuɗi a kan wayar da ya riga ya sayar ba. Ban da haka, in tsohuwar waya ta ci gaba da aiki sumul, wa zai sayi sabuwa? Apple kuwa shi yake tsara wayarsa da ƙwaƙwalwarta da manhajarta, samfuransa kuma ba su da yawa, shi ya sa gyaransa yake isa ga kowa a rana ɗaya.

Google ya yi ƙoƙarin rage wannan matsala. A 2017, tare da Android 8, ya sake tsarin yadda manhajar take haɗuwa da ƙwaƙwalwa don aikin kamfanoni ya yi sauƙi. Daga Android 10 kuma ya fara tura wasu gyare-gyaren kai tsaye ta Google Play ba tare da jiran kamfani ba. Wannan ya taimaka, amma bai ɗauke wa kamfanin waya nauyinsa ba.

Kashi na 5: Wayoyin da aka bari a baya

Ku tambayi yayyenku labarin BlackBerry. Akwai lokacin da riƙe ta abin alfahari ne a garin nan. WhatsApp ya daina aiki a kan manhajar BlackBerry a ƙarshen 2017, kuma a ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin da kansa ya rufe hidimar da yake yi wa tsofaffin wayoyinsa. Wayoyin Nokia masu manhajar Symbian sun rasa WhatsApp a tsakiyar 2017, masu manhajar Windows kuma a ƙarshen 2019. Da yawansu babu abin da ya sami jikinsu.

Na kusa-kusa kuma, daga 24 ga Oktoban 2023 WhatsApp ya ce sai wayar da take da Android 5 zuwa sama. A tsakiyar 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6 da iPhone 6 Plus, domin ba sa iya ɗaukar iOS 15. Manhajojin banki su ma kowacce tana da mafi ƙarancin zubin da take karɓa.

Ku lura cewa Android 5 tun 2014 ta fito. Wato WhatsApp yana jure tsohuwar waya shekaru da yawa bayan kamfaninta ya yi watsi da ita. Saboda haka kada a ce, "Ai WhatsApp yana yi, ke nan wayar lafiyarta lau." Yin WhatsApp daban, samun facin tsaro daban.

Kashi na 6: Alƙawarin da kamfanoni suka yi

A 'yan shekarun nan kamfanoni sun fara gasar tsawon kulawa. Ga waɗanda ya kamata mu sani:

Google Pixel 8, wadda ta fito a Oktoban 2023: shekara 7, wato har 2030.

Samsung Galaxy S24, wadda ta fito a Janairun 2024: shekara 7. Wannan mai tsada ce. Amma Galaxy A16, wadda ta fito a ƙarshen 2024 kuma take cikin masu sauƙin kuɗi na kamfanin, an yi mata alƙawarin shekara 6.

Tecno Camon 30 da Infinix Note 40, na 2024: sabon zubin Android sau biyu, da facin tsaro na shekara 3. Wannan alƙawari na waɗannan samfuran ne, kada a ɗauka ya hau kan duk wata waya mai sunan kamfanin.

Apple: iPhone 6s ta fito a 2015, ta yi ta samun sabon zubi har iOS 15 ta 2021. iPhone 7 ita ma a iOS 15 ta tsaya. iPhone 8 da iPhone X sun tsaya a iOS 16. iPhone XR da XS na 2018 sun tsaya a iOS 18, domin iOS 26 da ta fito a Satumban 2025 daga iPhone 11 ta fara. Apple yakan ci gaba da tura wa wasu tsofaffin facin gaggawa na ɗan lokaci bayan haka.

Ga ƙa'idar da ya kamata a ja mata layi: shekarun daga ranar da samfurin ya fito kasuwa ake ƙirga su, ba daga ranar da ka saya ba. Wannan ya fi shafar mai sayen wayar da aka riga aka yi amfani da ita, wadda ake kira Landan yus a Farm Centre da Beirut Road. Misali, Galaxy S9 ta fito a 2018, Samsung ya daina turo mata gyara a 2022. Galaxy S10 ta fito a 2019, aka daina a 2023. Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu yau, komai ƙyallinta, wayar da kamfani ya riga ya sallama ya saya. Akwai kuma iPhone XR da ake sauya wa gida a mayar da ita kamar sabon samfuri. Gidan ne sabo, cikin nan na 2018 ne.

Kashi na 7: Mu yi lissafi

Wannan misali ne irin na darasin lissafi, ba farashin kasuwa ba ne. A ce akwai waya biyu. Ta farko naira 120,000, za a kula da ita shekara 2. Ta biyu naira 180,000, za a kula da ita shekara 6.

Ta farko: 120,000 a raba 2, ya ba da naira 60,000 a shekara.
Ta biyu: 180,000 a raba 6, ya ba da naira 30,000 a shekara.

Kun ga wadda ta fi tsada a ranar saye ita ce ta fi araha a shekara. Ko an ƙara kuɗin sauya batir sau ɗaya ko sau biyu, har yanzu ita ce a gaba. Dama an ce araha ba ta ado.

Amma lissafin yana da sharaɗi. Sai jikin wayar ya kai shekarun, kuma sai tana da isasshen memori, domin manhajoji ƙara nauyi suke yi kullum. Sannan ba kowane gida ne yake da ƙarin naira 60,000 a hannu ba, kuma babu laifi mutum ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai. Abin da ake so shi ne, in waya biyu sun kusa zuwa ɗaya a kuɗi, a zaɓi wadda ta fi sabon zubi da tsawon alƙawari, ko da ɗayar ta fi ta yawan idon kyamara.

Kashi na 8: Yadda ake dubawa

A wayar Android, a shiga wurin saiti, mai alamar zagayayyen ƙarfe mai haƙora. A nemi sashen bayanin waya, wanda aka rubuta da Turancin da ke nufin "game da waya". A ciki za a ga sunan samfurin da lambar zubin Android. In aka taɓa lambar, za a ga wata kwanan wata kusa da kalmar tsaro. Ita ce ranar facin ƙarshe da wayar ta samu.

In ranar ba ta wuce wata uku zuwa shida ba, alama ce ana kula da wayar. In ta haura shekara, a shiga sashen sabunta tsari a sa ta ta bincika, wataƙila gyaran yana nan yana jira ba a sauke ba. In ta ce babu wani sabo, to mai yiwuwa kamfani ya sallame ta. A iPhone ma ta wurin saiti ake shiga, a sashen al'amuran gaba ɗaya.

Kafin a sabunta: batir ya wuce rabi ko a jona caji, a rage hotuna da bidiyon da suka cika ma'ajiya, a kwafe abubuwa masu muhimmanci zuwa wani wuri, kuma kada a kashe wayar tana cikin aiki. In data ce matsala, a yi amfani da ta dare mai rahusa. Gyara na gaskiya ta cikin saiti ko Play Store yake zuwa. Duk saƙon da ya faɗo a WhatsApp ko a wani shafi yana cewa wayarka ta kamu da cuta, ka latsa nan, tarko ne.

Kashi na 9: In wayar gida ta riga ta tsufa

Ba jefar da ita za a yi ba, kuma ba tayar wa iyaye da hankali za mu yi ba. Ga abin da zai rage haɗari:

1. A ci gaba da sabunta ƙananan manhajoji ta Play Store, musamman WhatsApp da Chrome da manhajar banki.
2. A daina karɓar manhaja ta Xender ko a shagon masu tura fina-finai, domin ba a san hannun da ta bi ba.
3. A guji WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp. Ba na kamfanin ba ne, kuma yana iya sa a rufe wa mutum lambarsa.
4. A goge manhajojin da ba a amfani da su.
5. A kulle waya da lambar sirri, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp.
6. In akwai waya biyu a gida, a sa harkar banki a wadda ta fi sabon faci, tsohuwar a bar ta don sauraron karatu da kallo.

A sani kuma, filashin da masu gyara suke yi yawanci tsohuwar manhajar yake mayar wa waya. Yana iya magance maƙalewa, amma ba ya kawo facin da kamfani bai fitar ba.

Kashi na 10: Shara da doka

Wayar da aka yar tun jikinta yana da ƙarfi shara ta zama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace. Mu ma muna ganin ɓaraguzan waya a kurar 'yan gwangwan da cikin kwata. Batirin waya yana iya fashewa in ya shiga wuta, don haka kada a haɗa shi da sharar da za a ƙone. Kafin a sayar da tsohuwar waya kuma, a cire layi da katin memori, a goge komai.

Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a ranar 20 ga Yunin 2025. Wayar da za a sayar a can dole ta sami gyaran manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kuma a samar da kayan gyaranta na shekara 7. Dokar ta Turai ce, ba ta hau kan wayar da aka kawo Kano kai tsaye daga ƙasar Sin ba. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita take tantance irin wayoyin da aka yarda a sayar. A ganina zai yi kyau a wajabta rubuta shekarar ƙarshen kulawa a jikin kwalin kowace waya, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewa a jikin kwalin magani.

Kafin a kai ga haka, masu saye ne za su riƙa tambaya. In za a raka Baba ko Yaya kasuwar waya, a tuna masa abu uku: wace shekara samfurin ya fito, wane zubi ne a ciki da ranar facinsa na ƙarshe, kuma shekara nawa kamfanin ya yi alƙawari. Biyun farko ana iya gani a cikin wayar tun a shago, na ukun kuma a shafin kamfanin a intanet. In masu saye suka yawaita wannan tambaya, 'yan kasuwa za su fara neman wayoyin da suke da amsa mai kyau.

Aikin gida

Da izinin iyaye, kowa ya duba waya ɗaya a gidansu, ya rubuto sunan samfurin da lambar zubin da ranar facin ƙarshe. Kada a rubuto lambar waya ko sunan mai ita. A kawo wa 'yan kulob, za mu haɗa mu liƙa sakamakon a fitowa ta gaba.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin babbar manhaja da ƙananan manhajoji?
2. Kawo ire-iren sabuntawa guda uku, ka faɗi wanda ya fi muhimmanci da dalili.
3. Me ya sa haɗarin tsohuwar waya yake ƙaruwa bayan an fitar da facin da ita ba ta samu ba?
4. Waya ta fito a 2022, an yi mata alƙawarin shekara 4, wani ya saye ta a 2025. Shekara nawa ta rage masa?
5. Waya ta naira 150,000 mai kulawar shekara 3, da ta naira 200,000 mai kulawar shekara 5, wacce ta fi araha a shekara?

Wanda ya fara kawo amsa daidai, za mu rubuta sunansa da ajinsa a wannan allo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida